Fari biyu, ja ɗaya, da wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa

Kocin Gangare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin a yi min afuwa, yau ba sakamakon wasa na kawo ba, damuwa ce. Akwai yarona ɗan baya da aka kira sansani a Abuja makon jiya. Wasunku sun san shi, amma a bar suna. Ana saura kwana biyu ya tafi sanyin nan ya kama shi, mura da ciwon jiki, hanci kamar famfo. Maimakon ya faɗa min sai ya zarce kemis ɗin layinsu ya ce a haɗa masa na dubu ɗaya. Aka ƙulla masa ƙwayoyi a 'yar farar leda, na safe daban, na rana daban, na dare daban. Da ya isa sansani likita ya miƙa masa takarda ya ce ya rubuta duk maganin da ya sha cikin kwana bakwai da suka wuce. Yaro ya yi tsuru da biro a hannu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne fari biyu, ja ɗaya, da wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa. Likita ya ce to ba zai buga wasan gwaji na ranar Asabar ba sai an san mene ne ya sha. Wasan da manya suka zo kallon yara a cikinsa ke nan. A benci ya kalle shi. Da daddare ya kira ni murya na rawa. Don Allah ku gaya min, wannan ba tsanani ba ne? Maganin mura fa.

Tsohon Lamba Biyar: Wa alaikumus salam. Tsanani ne mana, Koci. Shekara goma sha ɗaya ina buga ƙwallo, daga filin Rwang Pam har Kaduna har Bauci, ban taɓa ganin wanda ya riƙo kwalba ya ce in yi masa fitsari ba. Likitan nan iyayi kawai yake yi. Ya ɓata wa yaro dama a banza.

Anti Nas: Baba Lamba Biyar, da girmanka, amma ban yarda ba. Ni da a ce ni ce a kujerar likitan nan, abin da zan yi ke nan. Ba maganin mura ya hana yaron wasa ba, rashin sanin sunan maganin ne. Da ya ce farasitamol ne da Piriton, ba wanda zai tanka masa. Amma fari biyu? Rabin ƙwayoyin da ke kemis farare ne. Deksametason fari ne ɗan mitsitsi, kuma kowa a nan ya san ana jefa shi cikin haɗi idan mutum ya ce jikinsa na ciwo. Shi ne ma ɗaya daga cikin waɗanda 'yan mata ke sha da sunan sha-ka-fashe. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta hana ɗan wasa ya haɗiye shi ko a yi masa allurarsa a lokacin gasa, kuma ko kafin gasar aka sha, ana so a bar kwana uku tsakani idan ƙwaya ce.

Tsohon Lamba Biyar: Ai kin faɗa da bakinki, lokacin gasa. Wannan wasan gwaji ne a sansani. WADA na can Kanada, me ya kawo ta filin atisaye a Abuja?

Anti Nas: Gaskiya ne, ba gasa ba ce. Amma idan yaron ya burge aka ɗauke shi, mako na gaba yana cikin jirgi. Kuma akwai waɗanda haramcinsu ba ruwansa da gasa ko hutu, kullum ne. Ƙwayar salbutamol da ake ba mai tari mai sarƙe ƙirji tana ciki. Likitan da bai san abin da ke cikin leda ba, ta yaya zai san wane ɓangare za a saka shi?

Gola Na Rikkos: Baba Lamba Biyar, kai da kullum kake ba mu labarin gasar cin kofin duniya ta 1994, ka manta bayan wasa da wa aka kama Maradona? Mu ne fa. Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu, aka tashi, wata ma'aikaciya ta riƙo hannunsa yana dariya suka fita fili. Efedirin aka samu a fitsarinsa, aka dakatar da shi wata 15. Bai sake saka rigar Ajantina ba. Efedirin ɗin nan ɗan gidansu maganin mura ne.

Tsohon Lamba Biyar: Kai yaro, Maradona kake haɗawa da ɗan Gangare? Shi ya san abin da ya sha.

Gola Na Rikkos: To ga wanda bai sani ba, kuma abokin sana'ata ne. Andre Onana, lokacin yana Ajax. Ya tashi ba ya jin daɗi, ya ɗauki ƙwaya a gida a zatonsa ta ciwon kai ce, ashe maganin matarsa ne, furosemid, wanda muke kira Lasix. A Fabrairun 2021 aka ba shi shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Suwizalan, alƙalai suka yarda ba da gangan ya yi ba, duk da haka wata tara ya yi a zaune. Kolo Toure ma haka a 2011 yana Manchester City, ƙwayar rage ruwan jiki ta matarsa, wata shida.

Ɗan Terminus: Darasi dai a daina taɓa jakar madam 😂

Admin: Ɗan Terminus, a bari a gama magana mai amfani tukuna. Kuma duk wanda ya sake turo sitika sai na cire shi zuwa gobe.

Barista: Abin da Gola ya kawo shi ne ƙashin bayan dokar. A kotun da muka saba, sai mai ƙara ya nuna ka yi niyya. A nan ba haka ba ne. Da zarar an samu abin a fitsarinka ko jininka, laifi ya tabbata, ko likita ne ya ba ka, ko koci, ko mahaifiyarka. Niyya tana shigowa ne kawai wajen yanke tsawon hukunci, shekara huɗu ne, ko biyu, ko ƙasa da haka. Akwai yarinyar Romaniya mai wasan alkafura, Andreea Raducan, shekararta 16 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Likitan tawagarsu da kansa ya ba ta maganin mura mai sudo'efedirin. Kowa ya yarda ba ta da laifi a zuci, amma aka karɓe zinaren. Ni a matsayina na lauya abin yana min ciwo. Sai dai idan na tambayi kaina me zai faru in aka buɗe ƙofar "ban sani ba", sai in ga ba wanda za a sake kamawa har abada. Kowane ɓarawo zai samo likitan da zai ɗauki laifi.

Kocin Gangare: Barista, na ji. Amma dokar da aka rubuta don mai likita uku da mai dafa masa abinci, ita ce za a ɗora wa yaron da asibitinsa shi ne kemis ɗin bakin layi? Onana yana da lauyoyin da suka rage masa wata uku. Nawa yaron wa zai tsaya masa?

Barista: Ba wanda zai tsaya masa, Koci, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce akwai adalci a wannan gefen ba. Ka tuna Chika Amalaha? Ita ma 16, ta ɗaga ƙarfe ta ci mana zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a Gilasgo a 2014, ajin kilo 53. Kwanaki kaɗan aka karɓe, saboda magungunan fitar da ruwa iri biyu a jikinta. Ni har yau tambayar da nake yi ita ce, yarinya mai shekara 16 wa ya nuna mata hanyar waɗannan ƙwayoyi? Amma sunanta ne ya shiga jarida.

Mai Kemis Dilimi: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ina jin ana jifan mu, bari in yi magana. Ba ni na haɗa wa yaron nan ba, amma ba zan ce ban taɓa haɗi ba. Ku fahimci yadda abin yake. Mutum zai shigo da ɗari biyar, katin magani ɗaya ya fi kuɗinsa. Ka ce ya je asibiti ya ce ba shi da kuɗin kati. Ka ba shi farasitamol kaɗai ya ce ka raina shi, gobe ya koma shagon gaba inda za a cika masa leda kala-kala. Kuma a shekarun da na yi a kan kanta, ba a taɓa samun wanda ya ce min "ni ɗan wasa ne, duba min" ba. Ko ɗaya. 'Yan ƙwallon da ke zuwa wajena abu biyu suke nema, diklofenak da wancan da ba na sayarwa.

Anti Nas: Faɗi sunansa mana, Malam. Tiramol.

Mai Kemis Dilimi: Ke kika faɗa.

Anti Nas: Gara a faɗa, don shi ne babban abin da ke cikin unguwanninmu, ba irin na su 'yar tseren nan Blessing Okagbare ba. Ita sinadaran ƙara jini da gina jiki aka samu, ta sha dakatarwar shekara 11, wannan harka ce ta masu kuɗi da masu kawo kaya daga waje. Namu yaran tiramol suke haɗiya kafin wasa don kada su ji zafin duka. Daga 1 ga Janairun 2024 ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa. Kuma lokacin gasa ba daga busa usur yake farawa ba, daga ƙarfe 11:59 na daren jajibiri ne har a gama karɓar fitsari. Ni ma ba gwajin ne ya fi damuna ba. Na taɓa karɓar yaron da ya gama minti casa'in da tsagaggen ƙashi a ƙafa bai sani ba, sai da ƙwayar ta sake shi cikin dare aka kawo shi ranga-ranga.

Tsohon Lamba Biyar: Wannan kam gaskiya ne. A nan ba ni da ja. Mu a lokacinmu goro ne da shayi mai kauri.

Ɗan Terminus: To goron fa, Anti? Kar a ce shi ma.

Anti Nas: Ci goronka. An cire kafeyin daga jerin tun 2004, sa ido kawai ake yi a kansa.

Ɗan Tseren Pankshin: Barkanku da dare. Ni ba ɗan ƙwallo ba ne, gudu nake yi, amma ina so in amsa wa Baba da ya ce ba a gwaji. Ana yi, Baba. Ranar da ka ci wani abu ne ake yi. Ni an taɓa yi min sau ɗaya bayan tseren titi. Ina tsallake layi ko numfashi ban mayar ba wani ya dafa ni ya nuna min katinsa, ya ce daga yanzu duk inda za ni yana bayana. Ruwa ma sai na cikin gora a rufe. Muka zauna kusan awa biyu fitsari ya ƙi zuwa, jiki ya bushe. Da ya zo, a gabansa na yi, riga a ɗage, wando a gwiwa, babu maganar kunya. Mililita 90 suke so. Ni da hannuna na raba shi kwalba biyu, A da B, na murɗa murfin har ya yi ƙara. Sai ga takardar nan da Koci ya ambata, ta kwana bakwai. Abin da ya cece ni, kocinmu ya saba mana da ɗaukar hoton kwalin duk abin da muka sha. Na buɗe waya na kwafa. Wanda ke kusa da ni jiƙon maganin shawara ya sha a tasha, ya rasa me zai rubuta, sai zufa.

Barista: Kuma rashin gwajin ma ba gata ba ne. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya aka hana su shiga gasa suna can a masauki. Ba a kama su da komai ba. Adadin gwajin ba-zata da ake buƙata kafin gasar ne bai cika ba.

Maman Yasir: Ku yi haƙuri in katse ku, hankalina ya tashi. Ɗana yana makarantar ƙwallo, yana da asma tun yana ƙarami, kuma kun san yadda hunturun Jos yake yi wa masu ita. Wani daga cikin masu horar da su ya ce masa inhela haramun ce ga ɗan wasa, idan aka gan shi da ita ba zai je ko'ina ba. Tun lokacin ya daina zuwa da ita fili, a ƙarƙashin filo yake barin ta. Yanzu na ga Anti ta rubuta salbutamol, na duba jikin tasa, sunan ke nan.

Anti Nas: Innalillahi. Maman Yasir, don girman Allah gobe da safe ki saka masa ita a jaka da hannunki. Ƙwaya da na ruwa na ce, waɗanda ake haɗiya. Ta shaƙa an yarda da ita. Shuɗiyar nan kowace fesa maikirogiram 100 ce. Doka ta ba shi har 600 cikin awa takwas, wato fesa shida, kuma kada ya wuce 1600 a awa 24. Yaron da asmarsa ke kwance ba ya kaiwa nan. In kuma ta tashi masa a fili, ya shaƙa yadda likitansa ya koya masa, ba lissafi, a kai shi asibiti. Takarda daga baya ake cike ta. Wanda ya gaya masa wancan magana ya kusa jawo muku abin da ba a fata.

Maman Yasir: Wace takarda ke nan, Anti?

Anti Nas: Ana ce mata TUE, izini ne na shan haramtaccen magani saboda ciwo na gaskiya. Likita ne ke cikewa da hujjojin gwaje-gwaje, ana so a nema kwana 30 kafin gasa, in kuma gaggawa ce a nema bayan an yi magani. Insulin ma yana cikin jerin, amma ga Nacho da ya yi shekaru a Real Madrid da ciwon suga tun yana yaro, har ya ɗaga kofin zakarun Turai yana kyaftin. Ki ajiye duk takardun asibitin yaronki wuri ɗaya, ranarsu na zuwa.

Maman Yasir: Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji sanyi.

Gola Na Rikkos: Tunda an zo nan, ƙarin ruwa fa? Mu dai in zazzaɓi ya kayar da mutum ana saura kwana biyu wasa, sai a kira wani ya zo ɗaki ya rataya leda a ƙusa.

Anti Nas: Ka taɓo inda mutane ba sa yarda in na faɗa. Ko ruwan gishiri zalla ne, ba komai a ciki, doka ta hana a saka wa ɗan wasa fiye da mililita 100 ta jijiya cikin awa 12. Ledar da kuke ratayawa 500 ce. Sai dai in a asibiti ake jinyarsa, ko tiyata, ko wani bincike. Na ɗaki da na bayan kanta ba sa ciki. Ɗan ƙwallon nan Samir Nasri a 2016 ya je wani wurin ƙarin ruwa a Amurka, aka ɗauki hoto aka saka a intanet, ƙarshenta wata 18 ya sha. Hoton ne ya tona shi, ba fitsari ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem kuwa ba matsala, sha abinka. Matsalar ita ce allurar da ake tsirawa cikin ledar "don ka ji ƙarfi", wadda kai da ke kwance ba ka ga kwalbarta ba.

Gola Na Rikkos: Kai. Ashe ni tsohon mai laifi ne ban sani ba.

Ɗan Terminus: Da ƙwallayen da kake sha ai ba wanda zai zarge ka da ƙara kuzari.

Admin: Wannan na bar shi, don gaskiya ne.

Mai Kemis Dilimi: Wata tambaya. Garin gina jiki da yara ke saya a gwangwani, in yana da lambar NAFDAC ba shi ke nan ba?

Barista: A'a, Malam. NAFDAC tana duba ko abu zai cutar da mai sha ne, ba ta aiki da jerin WADA. Lasix ma ai yana da lamba. Kuma jerin kansa duk 1 ga Janairu ake sabunta shi. Sharapova, 'yar wasan tenis, ta yi shekaru tana shan meldoniyom lafiya lau, aka saka shi a jeri a farkon 2016, a watan Janairun ne kuma aka kama ta. Pogba kuma irin waɗannan abubuwan ƙarin kuzarin ne suka ja masa a 2023, aka ce shekara huɗu, daga baya aka mayar wata 18.

Mai Kemis Dilimi: To ni abin da zan iya daga gobe, duk wanda na san yana buga ƙwallo, zan yanko masa da katin yadda sunan zai fito, ko in rubuta a takarda in saka cikin ledar. Amma su ma su riƙa buɗe baki. Ba a rubuce yake a goshinsu ba.

Tsohon Lamba Biyar: Duk na ji. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da likitan sansani. Me ya hana shi ɗaga waya a kira kemis ɗin a tambaya? Minti biyar. Ya zaɓi hanya mai sauƙi, yaro ya biya.

Anti Nas: A nan kam ba zan kare shi ba, Baba. Ya kamata ya gwada.

Kocin Gangare: Jama'a na dawo. Maganarku ce ta tashe ni, na ɗauki mashin na je kemis ɗin da kaina. Yaron shago na samu. Ya zaro min robobin ɗaya bayan ɗaya. Jan ibuprofen ne. Ɗan ƙaramin ruwan ɗorawa Piriton. Babban farin farasitamol. Anti, duk waɗannan ba laifi ko?

Anti Nas: Ko ɗaya. Saura fari na biyu.

Kocin Gangare: Nan gizo ke saƙa. Ya ce wani lokaci bitamin C ne, wani lokaci kuma in mutum ya ce har da ciwon gaɓoɓi, oga yakan jefa deksa, wato deksametason ɗin da Anti ta ambata. Ranar ba shi ne a kan kanta ba, ogan ne, kuma ya tafi Onica sayen kaya sai Alhamis. Na kira yaron yanzu, ya ce ƙullin ƙarshe bai sha ba, yana aljihun jakarsa.

Anti Nas: Alhamdulillah. Kada ya yar, kada ya sha. Da safe ya kai wa likitan a ledarsa. Kafin nan ya ɗora farin a kan wani abu mai duhu, ya kunna fitilar waya, ya ɗauko min gaba da baya. Wasu akwai rubutu a jiki.

Mai Kemis Dilimi: A turo nan ma in gani. In deksa ne ko daga girmansa zan gane.

Kocin Gangare: To. Ya ce an kashe musu wuta a masauki kuma cajinsa saura huɗu. Akwai wani wasan ranar Laraba, in an dace. Bari in ga ko hoton zai shigo.